Tabon Nono

Ni baduku ne, ɗan baduku, kuma ban taɓa taka hanyar Bilma ba. In faɗa tun yanzu, kada wani ya zaci madugu ne yake magana. Ƙafata ba ta wuce lambunan Dabaga ba, can ɗin ma sau biyu ne, wajen neman fatun awaki. Ɗan abin da na sani game da sama, a zaune na koye shi, a kan soron surukina, nan cikin Agadas, a shekarun da anasara suka sauka bayan gari da tutarsu da ƴan bindigarsu.

Surukin nan nawa shi ne madugun ayarin gishiri na unguwarmu. Tun ban san dama da hagu ba yake jan raƙuma zuwa Bilma ya komo da su, kuma ba a taɓa jin ya ɓatar da ko akuya ba. Ni kuwa ƴarsa nake aure. Kowa ya san abin da wannan yake nufi. Tun daga bakin lungu nake tuɓe takalmi, in durƙusa a ƙofar zaure, idona a ƙasa, in yi gaisuwa da murya irin ta mai ciwon haƙori. Shekara biyar da auren, wallahi da an tambaye ni ko yana da wushirya da ban iya amsawa ba.

Wata rana bayan isha'i ya aiko in zo in ɗinke masa bakin wata salka da ke yoyo. Na tarar da shi a kan soro, babu fitila, babu wuta. Na tsaya ina lalube da basilla a hannu, ina cewa a raina wane irin tsoho ne zai sa mutum ɗinki cikin duhu. Sai ya ce in ajiye salkar, gobe ma rana ce.

"Kai baduku, kana da ido kuwa, ko duk ya ƙare a ramin basilla?"

"Da sauransa, Baba."

"To ɗaga kai. Ka ga manyan taurari huɗun can, kamar an shanya fata an kafe ta da turaku? Kama daga turken nan na ƙasa wajen arewa. Ƙirga biyu. Juya sama, ƙirga biyu ƙanana. Me ke gefen ta ƙarshen?"

Na duba, na duba, babu abin da na gani sai baƙi. Na ce, "Na gani, Baba."

"Me ka gani?"

Na sake ɗaga kai ina lalube. Ya yi wata dariya ta hanci, ya tofar da tabar da ke bakinsa ta kan katanga. Ya ce duk mutanen garin nan haka suke, in babba ya nuna musu bangon laka ya ce ga ƙofa, sai su ce sun gani, su je su fasa goshi. Ya ce in dawo gobe, kuma daga magariba kada in kalli wuta, ko ta murhu, ko ta fitila.

Haka abin ya soma. Duhun ne ya ba mu dama. Ba na ganin fuskarsa, ba ya ganin tawa, dukanmu sama muke kallo, saboda haka babu wanda zai ce na yi rashin kunya. Ya koya mini in zauna tukuna, in yi shiru, sai idon ya huce daga hasken rana, tsawon abin da mace za ta dama fura ta wanke ƙwarya ta kife. Ya koya mini in ja rawani ta gefen fuska dama da hagu, don kada wutar maƙwabta ta shigo ta gefe. Ya ce kada in ɓata darena in akwai farin wata. Ya ce daren da ya fi kowanne shi ne wanda ya biyo bayan ruwan ƙarshen damina, sa'ad da sama ta wanku.

Duk na yi, ban ga komai ba. Na ƙara da nawa shirmen. Na rambaɗa kwalli har matata ta tambaye ni ko biki za ni. Na ci hantar akuya ɗanya don wani mahauci ya ce tana ƙara gani. Na ƙura wa wurin ido har hawaye suka zubo, kaina ya yi ta sarawa. Dare wajen ashirin ina wannan wauta, tsohon yana gefe yana tauna taba. Sai da ya gaji da jin nishina sannan ya yi magana.

"Kana ƙura masa ido kamar ɓarawon da ka kama a rumfa. Ba a yi masa haka. In ka dube shi kai tsaye, gudu yake. Dubi gefensa. Yadda kake duban surukarka in ta gitta tsakar gida, haka za ka dube shi."

Na ji kamar in nutse cikin soron. Amma na yi yadda ya ce. Na aje idona a kan ƙaramar tauraruwar nan, na bar wutsiyar idon ta yi yawo, na ɗan kaɗa kai. Sai ga shi. Wani ɗan fari-fari mai tsawo, a karkace, kamar nono ya ɗiga a baƙin zane an goge da babban yatsa. Na juya in dube shi sosai, ya ɓace. Na kau da ido, ya dawo.

Na manta da wanda nake gabansa, na ce, "Au, wannan ne? Wannan ɗan abin?"

Ya ce, "Me ka gani?"

Na faɗa masa, har da yadda ya karkata. Ya ce to yanzu na gani. Shi tabon nono yake ce masa, haka wanda ya koya masa hanya yake kiransa.

Daga ranar na lalace. Mutum mai iyali, mai rumfa a kasuwa, magariba na yi sai in juya wa murhu baya kamar mai fushi da tuwo. Tsohon ya nuna mini wasu irinsa. Akwai biyu manne da juna can arewa, kamar an zubar da garin gero. Akwai wani da sai sanyi ya shiga yake fitowa, ɗan hayaƙi tsakanin taurari uku ƙanana. Ya sa na ƙirga tarin taurarin nan da ake kira ƴaƴan Kaza, na ce shida, ya ce in sake, bayan wata guda na ce tara, ya ce ba laifi. Ban san me suke ba, har yau ban sani ba. Amma in na kama ɗaya da wutsiyar ido sai in ji wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa, kuma ba na jin kunyar faɗi.

Ƴan unguwa suka samu abin yi da bakinsu. Wai baduku ya fara zance da aljanu. Mutanen da in sun ɗaga kai sama sai don su duba ko hadari zai jiƙa musu shanya! Akwai wani malami kusa da mu, yana da takardu cike da sunayen taurari, yana faɗa wa mata ranar da za su yi kitso. Na taɓa jawo shi soro na nuna masa wurin. Ya zo da fitilarsa a hannu, ya ɗaga ta sama wai don ya haska, ya ce masha Allah, ya gani sarai, har ma guda uku ne. Tir. Ban sake gayyatar kowa ba.

Wata rana na tambayi tsohon amfanin tabon a hanya. Ya ce ba shi da amfanin komai. Ba ya nuna gabas, ba ya nuna rijiya, raƙumi bai san da shi ba. Ma'aunin ido ne kawai. Kowace shekara, kafin ayari ya tashi, yakan hau soro shi kaɗai ya neme shi. In ya gan shi, ya san idon zai iya riƙe tauraro ɗaya dare guda cur, kuma da asuba zai iya tsinto baƙin dutse a ƙarshen rairayi tun yana kamar ƙwayar barkono. Shekarar da ya nema bai gani ba, shekarar zai miƙa wa wani akalar raƙumin gaba ya zauna gida. Haka malaminsa ya yi, kuma bai jira wani ya faɗa masa ba. Rayukan mutanen da ke bayanka, in ji shi, ba naka ba ne da za ka yi kirdado da su.

Shekara uku muna haka. A ta huɗun na soma lura da wasu abubuwa. Zai miƙa hannu ga buta, hannun ya sauka gefenta. Ya yi tuntuɓe a matakalar soron da shi ya gina ta. Ya daina cewa "dubi can", ya koma cewa "faɗa mini abin da ke can". Na lura, matata ta lura, uwarta ta lura, duk muka haɗiye.

A lokacin anasara sun riga sun zauna daram. Cikinsu akwai wani saurayi, ja kamar an yaɓe shi da barkono, wanda muke kira ƙaramin kumandan. Shi ma wai mai son taurari ne. Yana da wani dogon bututun tagulla mai madubi a baki, a kan ƙafafu uku, yakan kafa shi a fili bayan sansaninsu. Na taɓa laɓewa na kalle shi. Zai duƙa kan takarda da fitila a gaban hancinsa, ya tashi ya manna ido a bututu, ya yi tsaki, ya koma ga fitila. Ko jakin unguwarmu ya san ba a fitowa daga haske a ga abin da ke cikin duhu. Amma yana da bindiga, saboda haka manyan gari suka yi ta zuwa suna leƙa bututun ɗaya bayan ɗaya, suna riƙe baki, suna cewa lalle wannan ilmi ya kai. Rabinsu ma idon da suka manna a rufe yake.

Da ayarin shekarar ya gabato, ƙaramin kumandan ya tara dattawa da yamma, wai zai haɗa ayarin da ƴan bindigarsa su raka raƙuma. Ni ina can baya cikin masu kallo. Aka nuna masa surukina, aka ce ga madugu. Yaron nan, wanda bai kai sa'an autan tsohon ba, ya taso da fitila, ya kai ta dab da fuskar dattijo, ya leƙa cikin idonsa kamar mai sayen rago. Ya yi magana da harshensu, mai juya masa magana ya ce "wi, kumandan", wato "to" da harshensu, ya juyo gare mu yana kakkaɓe babbar rigar da bai saba da ita ba.

"Ya ce akwai yana a idon tsohon nan. Ya ce ku nemi wani madugu."

Kai, ka ga tashin maza! Dattawan da aka karɓe wa raƙuman hawa ba su ce ƙala ba, aka ɗora musu ɗaukar laka ba su ce ƙala ba, ranar suka tuna suna da gemu. Wannan ya rantse idon madugu ya fi na shaho. Wancan ya ce jiya jiya ya ga tsohon ya zura zare a allura da magariba. Wani ya ce in anasara ya ci gari, ai bai ci hanyar Bilma ba, ba shi zai zaɓa mana wanda zai ja mu ba. Ƙaramin kumandan ya ɗaga kafaɗa, ya ce raƙumansu ne, rayukansu ne, shi dai ba zai ba da mutanensa ba. Aka watse ana murna, wai an kayar da anasara. Babu wanda ya tambayi mai idon. Shi kuwa ya gyara amawalinsa ya kama hanyar gida.

Saura kwana uku a tashi ya aiko kirana. Wannan ne daren da yakan hau shi kaɗai, ban taɓa jin ya kira wani ba. Babu wata, an yi ɗan yayyafi shekaranjiya, sama tas. Muka zauna har ido ya huce. Ni ina ɗaga kai na gan shi, tabon, fes, fiye da yadda na taɓa ganinsa. Tsohon ya daɗe yana kaɗa kai, yana jan rawani, yana sakewa. Ina jin numfashinsa. Can sai ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗaga shi tare da nasa, ya nuna.

"Ga shi can. Ko ba shi ba ne?"

Inda ya nuna babu komai. Tabon yana sama da wurin da kusan taƙi guda. Abin da ya gani, farin da ke cikin idonsa ne.

Na sha ba kaina uzuri a kan abin da ya biyo baya, kuma duk uzurin banza ne. Na ce ta yaya zan buɗe baki in ce wa uban matata ya makance. Na ce hanyar tana cikin ƙafarsa, ko da ido rufe zai kai su. Akwai kuma wanda ya fi muni, shi ne ba na so jan yaron nan mai fitila ya zama shi ne mai gaskiya. Duk wannan ya wuce ta kaina kafin mutum ya haɗiye yawu.

"Shi ne, Baba."

Bai saki hannuna ba. Ya ce, "Duba da kyau. Ba surukinka ke tambayarka ba. Mutum arba'in ke tambayarka."

Na ɗaga kai, na dubi baƙin wurin da yatsansa yake, na yi kamar ina dubawa. Na ce, "Shi ne. A karkace, yadda yake."

Ya saki hannun. Ya ce alhamdu lillahi, har sau uku, da wata murya ta yaro wanda aka yafe wa duka. Na sauko ina jin kaina mutumin kirki, mai tarbiyya, wanda ya faranta wa tsoho rai. Allah wadaran irin wannan tarbiyya.

Suka tashi ranar Alhamis da hantsi, raƙuma ɗauke da gero da harawa, mata suna guɗa. Cikin ayarin akwai wani saurayi ɗan masu lambu daga Dabaga, tafiyarsa ta fari, bai fi wata biyu da aure ba. Ni na ɗinka masa takalman tafiyar. Ya zo karɓa ya ce in ƙara faɗin tafin, don an ce masa rairayin can yana haɗiye ƙafa. Na ƙara masa, na ce ya kawo mini dabino.

Wata biyu ban hau soro ba. Matata ta ce lafiya, na ce wuyana ke ciwo.

Labari ya riga su isowa da kwana huɗu. A hanyar tafiya, tsakiyar rairayi, madugu ya saki tauraronsa cikin dare ya kama wani, ayari ya karkata kudu. Da asuba bai ga dutsen da ake gani ba. Abin takaicin, akwai mutum uku a bayansa da suka san hanya, suka ga an karkace tun tsakar dare, suka yi ta duban juna. Wannan yana jiran wancan ya yi magana, kowa yana jin nauyin dattijo. Sai da rana ta take tsaka, salkuna suka yi sakayau, sannan ɗayansu ya matsa ya ce, wai ko Baba zai so a ɗan huta a sake shawara. Kwana biyu suka ƙara kafin su sami rijiya. Raƙuma da yawa suka kwanta ba su tashi ba. Mutum biyu suka mutu da ƙishirwa, ɗaya wani dattijo mai tari, ɗaya saurayin nan na Dabaga.

Dattawan da suka yi rantsuwa a gaban kumandan, ka san me suka ce? Ƙaddara. Wanda ya ga an zura zare a allura ma cewa ya yi shi dama ya daɗe yana shakka. Ƙaramin kumandan kuwa, an ce mini ranar yana can yana goge bututunsa.

Tsohon ya shigo gari a tsakiyar ayari, ba a gaba ba, wani yana jan akalar raƙuminsa. Kwana bakwai bai fito ba. A rana ta takwas ya aiko in zo, da azahar, rana tsaka. Na tuɓe takalmi a bakin lungu, na durƙusa a ƙofar zaure. Zauren cike da maƙwabta masu zuwa jaje da barka, surukata tana tsaye a ƙofar ciki, matata a bayanta. An ajiye masa akushin tuwo a gaba, bai taɓa ba.

Ya ce, "Baduku ne?"

"Ni ne, Baba."

"Daren nan. Yana wurin da na nuna?"

Babu wanda ya san abin da yake nufi sai ni. Ina iya cewa i, a wuce wurin. Na ce, "Ba ya nan, Baba."

"Ka gan shi a inda yake?"

"Na gan shi."

Ya gyaɗa kai. Na zaci zai zage ni, ko ya ce in sakar masa ƴarsa, kuma da na fi son haka. Sai ya lalubi akushin, ya buɗe faifan, ya turo shi gabana har miya ta zuba a tabarma.

"Matso. Zauna sosai, daina durƙuson nan. Ci."

Wani daga cikin dattawan ya ce, "Haba, madugu, surukinka ne fa."

"Na san ko wane ne. Na ɗanɗana kunyarsa, mutum biyu ta ci. Ba na son saura. Daga yau ya ci a gabana, ya sha a gabana, ya kira sunana in ya ga dama, kamar kowane baƙo da ya sauka a zauren nan." Ya juyo da fararen idanunsa inda yake jin numfashina. "Ci, na ce."

Na wanke hannu. Na gutsuri tuwon, na kai baki, a gaban uban matata, da uwarta, da rabin unguwa. Na ji matata ta fashe da kuka ta shige ciki. Na ƙara gutsurar wata loma. Tsohon ya zauna yana sauraren taunata, bai ce in tsaya ba, sai da na share akushin.